Takarda Ɗaya a Fayil ɗin Kawu

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara ashirin da tara ya yi yana aiki a ɗakin awo na makarantar koyon aikin lafiya da ke garinmu, wani dogon ɗaki a hawa na biyu, mai taga uku, da gado ɗaya mai shimfiɗar roba, da kabad na ƙarfe wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Ɗalibai Baba Kwanta suke ce masa, domin duk wanda ya leƙo ɗakin, ko da saƙo ya kawo, abin da zai fara ji shi ne, "Kwanta, kwanta, mu ji me take cewa yau." Zuciya yake nufi.

Da tsintsiya ya fara. An ɗauke shi shara yana saurayi, ba shi da komai sai takardar firamare. Amma tun kafin nan yana taɓa gyaran rediyo a bakin kasuwa, don haka ranar da na'urar awon zuciya ta ƙi tashi ana tsakiyar darasi, sai ya jingine tsintsiya ya ce a ba shi sukuddireba. Waya ce ta tsinke a cikin soket. Tsohon da ke kula da ɗakin a lokacin ya riƙe shi tun daga ranar, ya koya masa maƙala wayoyi da karanta layin da allura ke zanawa a kan takarda. Daga baya ya shiga ajin yamma, shekara huɗu yana zuwa a kan keke, har ya samu takardar da ta mayar da shi cikakken ma'aikacin ɗakin awo.

Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata huɗu, ya canja keke da babur, babur ɗin ya tsufa tare da shi. Matarsa tela ce, ita ke ɗinka masa farar rigar aiki, tana ƙara masa aljihu na uku daga ciki, inda yake sa auduga da filasta. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoye shi: fayil ɗinsa na ofis. In 'ya'yansa suka yi nawar shirin makaranta sai ya ce, "Ku je ku duba nawa. Takardar ɗauka, takardar ƙarin girma, takardar hutu. Ta gargaɗi ko ɗaya babu. Ko latti ba a taɓa rubuta mini ba." Su kuwa su haɗa baki su ƙarasa masa maganar kafin ya kai ƙarshe, don sun haddace ta.

Mahaifina direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida, saboda haka Kawu ne ke zuwa makarantarmu in an kira iyaye. Ranar Asabar yakan ɗauke ni a bayan keke zuwa ɗakin awon, ya kwantar da ni, ya maƙala mini wayoyi a hannu biyu da ƙafa ɗaya, ya yago mini takardar in tafi da ita gida. Mai Kunne yake ce mini, don kunnuwana sun riga sauran jikina girma. "Mai Kunne, ja numfashi. Ka gani? Ta yi sauri. To sake shi. Ka ga ta lafa?" A wurinsa na fara sanin cewa zuciya ba ta tafiya kamar agogo. Daga baya na tafi ƙasar waje, na yi shekara tara ina karatu a kan abin da ya nuna mini a safiya ɗaya.

Da na dawo, makarantar ta ɗauke ni malami, aka ce ɗakin awo yana ƙarƙashina. Wato Kawu yana ƙarƙashina ke nan. Ranar farko ina shiga ya miƙe tsaye ya ce, "Barka da zuwa, Dokta."

Na ce, "Haba Kawu."

Ya ce, "A nan Dokta ne. Kunnuwan mu bar su a gida."

Muka yi dariya. Amma ban hana shi ba, kuma in gaskiya zan faɗa, sunan ya yi mini daɗi.

Binciken da na zo da shi ƙarami ne. Tsakanin bugun zuciya da wanda ke biye da shi akwai tazara, kuma tazarar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci ta ɗan tsawaita, wani lokaci ta ɗan gajarta, bambancin da kunne ba ya kamawa sai na'ura. Mutum mai lafiya in ya natsu, bambancin yakan yi yawa. In yana cikin fargaba, ko gajiya, ko yanzun nan ya hau bene, sai bugun ya miƙe kusan bai ɗaya. Masana da yawa suna son amfani da wannan awon don su gane yanayin jikin mutum. Tambayata ita ce wadda ya kamata a fara yi wa kowane ma'auni: in na auna lafiyayyen mutum yau, na sake auna shi bayan kamar mako guda, a yanayi iri ɗaya, zan samu abu ɗaya? In ban samu ba, to ba za a dogara da awon ba, don safiyar ranar ce kawai yake nunawa.

Na nemi manya arba'in masu lafiya, ma'aikatan makaranta da maƙwabtansu: direbobi, masu gadi, malamai, har da mai sayar da littattafai na bakin ƙofa. Kowa zai zo sau biyu, da safe, bai sha shayi ko taba ba. Zai cire takalmi ya kwanta, a maƙala masa wayoyi, ya huta minti goma, sannan a ɗauki bugunsa na minti biyar. Na buga ƙa'idojin a takarda na liƙa a bango, na sayo agogon ƙidaya na ba Kawu. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "To," ya jefa a aljihu na uku. Shi zai riƙa yin awon, sai Talata da Alhamis da yake tare da ɗalibai ni in karɓa.

Sau biyu ko uku na wuce ta ƙofar yana aiki, kuma abin da na gani bai yi mini ba. Kawu ba ya kwantar da mutum sai ya gama gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Na ji yana ce wa wani mai gadi, "Da wannan tumbin kake ce mini lafiya lau? Je ka zagaya ka dawo, kar ka kwanta mini kana matse-matse." Ƙarafan wayoyin sai ya ɗumama su a tafinsa kafin su taɓa fata. Agogon bango ya sauke shi ya kifa a kan kabad. Sannan ya ja kujera can bayan kan gado, inda mai kwance ba zai gan shi ba, ya yi tsit. Ni da na saba da ɗakunan da mutum zai shigo ya sa hannu a takarda ya kwanta, sai na ga abin kamar hirar bakin shago. Na ce a raina wata rana zan yi masa magana. Ban yi ba. Kuma ban taɓa zama na kalli awo ɗaya tun daga farko har ƙarshe ba.

Da muka kai mutum ashirin da huɗu, na zauna na jera awon farko da na biyu. Ba su jitu ba. Na wasu sun yi kusa, na wasu kuwa ka rantse mutum biyu ne daban. Na shiga neman dalili, sai na lura na'urar tana rubuta lokacin da aka maƙala wayoyi da lokacin da aka fara ɗauka. A awon da na yi da hannuna minti goma ne cif. A na Kawu, ga sha biyu, ga sha tara, ga wani har talatin da ɗaya. Raina ya ɓaci, amma can ƙasan ɓacin ran na ji wani sanyi, don na samu wanda zan ɗora wa abin.

Bayan kwana biyu aka yi taron sashe, inda kowa ke nuna inda aikinsa ya kai. Farfesa, shugabar sashenmu, tana zaune a gaba, malamai a bayanta, ma'aikata a jikin bango. Kawu yana can kusa da ƙofa, shi ma ya haɗa mini majigin. Na nuna zanen sakamakon. In awo biyu sun jitu, ɗigon mutum yakan zauna a jikin layin da ya ratsa tsakiya. Nawa ɗige-ɗigen sun watsu ko'ina. Wani babban malami, irin waɗanda ba a tashi taro ba su sa an san da su ba, ya gyara tabarau ya ce, "Dokta, wannan awon zuciya ne, ko tsaba aka watsa wa kaji? Shekara tara a waje, mun ɗauka da ma'auni za ka dawo mana."

Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Matsalar ba daga ma'aunin take ba. Ba a bi ƙa'idar hutu ba ne."

Farfesa ta ce, "Wa bai bi ba?"

Ina iya cewa zan bincika. Ina iya cewa mu ƙarasa maganar a ofis. Sai na ce, "Ma'aikacin ɗakin awo." Ban ce Kawu ba, ban kuma dubi wajen ƙofa ba. Na karanto musu mintocin ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa ta waiwaya. "Baba, haka ne?"

Ya miƙe ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

"An ba ka agogo?"

"An ba ni."

"To me ya sa?"

Ya ce, "Wani in ya kwanta, jikinsa ne kawai ya iso. Sai in jira sauran."

Aka sake yin dariya. Wannan karon ba ni ake yi wa ba, kuma na ji sauƙi. Sauƙin nan ne har yau in na tuna sai na runtse ido.

Farfesa ta ce in rubuto mata abin da ya faru. Na rubuta shafi ɗaya, a cikinsa na sa kalmar sakaci. Daga shafin nan ofis ya fitar da takardar gargaɗi, aka sa a fayil ɗin Kawu, saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Aka mayar da shi sito, a ƙasan bene, inda ake ajiye kwalabe da safar hannu da kujerun da suka karye. Ɗakin awo kuma aka ba wata ma'aikaciya da aka ɗauko daga ɗakin gwajin jini. Ranar da zai sauka ya ajiye mini makulli da agogon ƙidaya a kan tebur, ya nuna mini yadda ake rufe kabad. "Da gwiwa, Dokta, ba da hannu ba."

Sauran mutum goma sha shida na ce ba mai taɓa su sai ni. Minti goma cif, ina tsaye a ƙarshen gado da farar riga, agogo a hannu, idona a kan allon kwamfuta. Wata guda da rabi na yi a haka. Da na jera sakamakon, bai gyaru ba. Ya ma fi na farko watsewa.

Na zargi wayoyi, na canja su. Na zargi na'ura, na sa aka duba, lafiyarta ƙalau. Wanda ya buɗe mini ido direban motar makaranta ne, wani mai faɗin kafaɗa da ba ya iya riƙe magana a ciki. Na gama awonsa na biyu, yana sa takalmi, sai ya ce, "Dokta, don Allah in tambaye ka. Ka ga wani abu ne?"

"Kamar me?"

"A zuciyar. Wancan makon na ga ka ɗaure fuska kana kallon allon nan, har ka yi tsaki. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Maiɗakina ma na nuna mata inda takardun gida suke."

Na ce masa lafiyarsa lau, kwamfutar ce ta tsaya shi ya sa na yi tsaki.

Ya sauke ajiyar zuciya. "To ai da ka faɗa! Mu fa in Dokta ɗan ƙasar waje ya tsaya mana a ka da agogo, ba hutu muke yi ba, jiran hukunci muke. Abokina mai gadi ya ce shi da Baba ya auna shi saura kaɗan ya yi gyangyaɗi. Ni kuwa ko yawu kasa haɗiyewa na yi."

Yana fita na rufe ƙofa, na yi abin da ya kamata in yi tun kafin taron nan. Na raba mutanen farko gida uku: waɗanda Kawu ya auna sau biyun, waɗanda ni na auna sau biyun, da waɗanda muka raba tsakaninmu. Aikin bai ci rabin awa ba. Mutum goma sha ɗaya ne na Kawu, kuma goma daga cikinsu ɗigonsu a jikin layi yake, har da wanda ya huta minti talatin da ɗaya. Watsewar da aka yi mini dariya a kanta, kusan dukkanta daga inda hannuna ya shiga take.

Ba zan ce wannan ya tabbatar da cewa hanyar Kawu ita ce daidai ba. Mutum goma sha ɗaya ba su isa a kafa hujja ba, kuma gaskiya ne ya saɓa wa abin da aka rubuta bai sanar da ni ba. Amma sun isa su nuna cewa ɓarnar da na ɗora masa a gaban mutane ba daga wurinsa ta fito ba.

Na san haka, kuma na yi shiru har mako uku. Na ce wa kaina sai na sake duba lissafin. Na sake, bai canja ba. Na ce sai na samu lokacin da Farfesa ba ta da aiki da yawa. Matakalar da na saba bi ta gaban ƙofar sito take wucewa, sai na koma bin ta baya, ta wajen banɗaki, ina ce wa abokan aiki ta fi kusa da ajina.

Cikin makonnin nan Kawu ya zo gidanmu ranar Asabar da yamma, kamar yadda ya saba. Inna, mahaifiyata, ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi tana tsintar wake. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Yaya, ka rame. Ko yaron nan ne ke ba ka wahala a wurin aiki? Gaya mini in ja masa kunne, ai akwai wurin kamawa."

"Wa? Mai Kunne?" Ya yi dariya. "Ai hutu ya nema mini. Ya ga gwiwata ba ta son bene, ya sa aka sauko da ni ƙasa. Yanzu ni ne sarkin kwalabe. Daga zama sai zama."

Inna ta dube ni, fuskarta cike da murna. "Allah ya yi maka albarka. Haka nake so, ka riƙa tunawa da wanda ya goya ka a keke."

Na ce amin. Kawu ma ya ce amin, ya shanye ruwansa.

Da zai tafi na raka shi waje. Babur ɗin ya ƙi tashi, na tura shi har kan kwana. Duk tsawon layin nan ba kowa sai mu biyu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Kawu, fulogin nan yana son canji."

Ya ce, "Na sani."

Ranar Litinin na sauka sito. Taga ɗaya ce ƙarama can sama, ɗakin yana warin kwali da sabulu. Ya jera kwalaben bisa tsayinsu, ya gyara uku daga cikin karyayyun kujerun. Ina shiga ya fara miƙewa, na ce, "Kawu, don Allah zauna." Na ajiye masa zanen a gabansa, na bayyana masa yadda na raba mutanen. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Waɗannan na jikin layi su ne nawa?"

"Su ne."

"Wannan ɗayan da ya fita fa?"

Na duba lambar, na ce malamar lissafi ce.

"Ayyo. Ranar ɗanta yana kwance a asibiti. Na ce mata ta bari sai wani makon, ta ce ta riga ta yi alkawari."

Na ce, "Kawu, yaya kake gane mutum ya natsu?"

"Ƙafa nake kallo. Mutum in ya kwanta yana ɗari-ɗari, yatsun ƙafarsa sama suke kallo, a tsaye kamar soja. In ya saki jiki, sai ka ga ƙafafun sun faɗi gefe, kowace ta kama gabanta. In sun faɗi sai in ƙara minti biyu, sannan in danna." Ya cire tabarau. "Na fi shekara ashirin ina yin haka. Ba wanda ya taɓa tambayata."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba ranar da na ba ka agogo?"

"A nan na yi kuskure. Ya kamata in faɗa. Amma na ga ka dawo da zafinka, ga takarda ka liƙa a bango. Na ce bari, wata rana zai zauna ya gani da idonsa, sai mu yi magana. Ba ka zauna ba."

Na ce ya yafe mini. Sau biyu na faɗa.

Ya ce, "Ɗakin bai dame ni ba. Zancen gwiwar ma ba ƙarya na yi wa ƙanwata ba. Takardar ce. Autata ce za ta cika mini takardun ritaya, ita za a ba fayil ta kwafa. Shekara nawa ina cika musu kunne da shi."

A taron sashe na gaba na roƙi Farfesa ta ba ni dama in yi magana. Ɗaki ɗaya, mutane ɗaya. Na gayyaci Kawu, ya ce za a kawo kaya sito ranar, ba zai bar wurin ba. Na haɗa majigin da kaina, na nuna zanen gida uku, na ce na ɗora wa mutum laifi kafin in duba, kuma da na duba, wurina ya fito. Na faɗi zancen direba. Na faɗi cewa na gano haka tun mako uku kafin in buɗe baki. Babban malamin nan ya ce, "To, ashe kai ne mai watsa tsabar." Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Daga jikin bango, inda ma'aikata suke, ba wanda ya ko murmusa.

A ofis Farfesa ta ce, "Takardar gargaɗin za ta fita daga fayil ɗinsa, amma sai ka rubuta janyewa da hannunka, kuma janyewar a naka fayil ɗin za ta zauna."

Na ce na yarda. Na ce, "Ɗakin fa?"

Ta ce, "Matar nan da na kawo, daga wurinta na ɗauko ta, an riga an ba wani gurbinta. Ba zan sake tayar da ita don in gyara maka ba. Ni ma na yi gaggawa, na sani. Amma ɗakin ya wuce."

Haka aka yi. Kawu a sito ya ƙarasa watanninsa, kuma bai sake hawa benen nan ba. Sabuwar ma'aikaciyar ce ta riƙa sauka wurinsa in wani abu ya shige mata duhu. Binciken kuwa muka sake shi daga farko, da mutane sababbi, ita ke yin awon duka, muna rubuta mintocin hutu da yanayin mutum gefe da gefe. Ni a ofishina nake zama har a gama. Ba mu kammala ba tukuna, don haka ba ni da abin da zan ce a kan amsar. Inna kuma har yau tana ba baƙi labarin yadda na nema wa yayanta hutu. Kawu ya ce kar in kuskura in gyara mata.

Mako biyar aka ɗauka kafin takardar ta fita. Akawun ofis ya miƙo mini ita a ambulan, ya ce ƙa'ida ita ce a mayar wa mai ita, in zan wuce ta can in kai masa. Na sauka da ita. Na same shi yana yanka igiyar wasu kwalaye. Ya goge hannu a rigarsa, ya buɗe ambulan, ya karanta a tsaye, leɓunansa suna motsi. Da ya kai tsakiya ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya: sakaci.

"Wannan, su suka sa ko kai?"

"Ni ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Babu wata irinta da ta rage a ciki?"

"Babu. A gabana akawu ya duba."

Ya ninke ta gida huɗu. Na ɗauka yagawa zai yi, sai ya miƙo mini. "Riƙe. Ni ba ni da wurin ajiye ta."

Na karɓa, na rasa inda zan sa ta, na tsaya da ita a hannu. Ya koma kan kwalayensa, ya kama gefen babban, ya ɗago kai ya dube ni.

"To sa ta a aljihu mana, ka kama mini wancan gefen."